Yini guda a bakin barajin Mozage

Da yawa cikinmu in an ce kifi, wanda ke faɗo muna a rai shi ne na teku, mai zuwa daskare cikin kwali, wanda ya sha doguwar hanya kamin ya iso kasuwar Ƙonni. Alhali ga ruwa nan gabas da gari, muna cin albarkarsa kullum, amma akwai waɗanda ba su taɓa taka bakinsa ba.

Barajin Mozage da na Zango an gina su bisa gulbin Maggiya, wanda ke gangarawa har tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Da damina suna tare ruwa, da rani a riƙa sakinsa ta magudana zuwa gonakin noman rani na Ƙonni, masu faɗin eka sama da 2000. Albasa da tumatir da alkamar da muke saye, da yawansu ruwan nan suka sha.

Ranar Asabar da ta wuce mu shida muka tafi daga ƙungiyarmu. Mun isa da hantsi, mun tarar masunta sun fito da kamun asuba: tarwaɗa da karfasa zube bisa buhu, mata na tsugune suna ciniki. Wani dattijo ya yarda ya ɗauke mu cikin kwalekwalensa, bibbiyu. Sharaɗinsa ɗaya: "Kowa ta zamna tsakiya, kada wadda ta miƙe, ko kihi ya faɗo mata bisa zane."

Ma'ajiyarmu ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba. Da aka tura, ta riƙe gefe da hannu biyu tana salati. Can cikin ruwa ya miƙa mata igiyar mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa wadda ake kafawa da marece a duba da safe. Ya ce, "Hajiya, jawo sannu sannu, ki kula da yatsunki." Ƙugiya tara ba kome, ta goma sai ga tarwaɗa tana bugun ruwa. Guɗar da ta rangaɗa har bakin gaɓa an ji ta.

Amma abin da ya fi tsaya muna a rai a gaɓa muka gan shi. Masunci ba ya iya ajiye ɗanyen kifi, in rana ta take sai ya sayar ko nawa aka taya. Matan da ke wurin su ke saye. Wasu su soya nan take, wasu su wanke, su lanƙwasa tarwaɗar su soke ta da tsinke, su jera bisa waya a kan rushi har ta ƙyafu. Bandar da ta bushe sarai tana yin makonni, muddin ana sake nuna mata wuta saboda ƙwari. Wata dattijuwa ta ce muna, "Ɗiyana, kamu na maza ne, amma riba tana ga mai haƙurin hayaƙi."

Ta ƙara da zancen lokaci. In ruwa ya cika baraji kifi ya watse, kamu ya yi wuya. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, kifi ya taru wuri guda, ya yi araha. Sannan ne mai jari ke saye da yawa. Sun kuma koka da yashin da ruwan sama ke kwasowa yana cike barajin, abin da ya shafi manomi da masunci baki ɗaya.

To, 'yan uwa, tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, asusu ke ba mace jarin da ba ta roƙa ba. Mai sha'awar wannan sana'a ta nemi rancenta daidai da jan ruwa, ta lissafa kuɗin mota da na itace kamin ta ƙirga riba, ta fara da kwando guda ta gwada a kasuwar Laraba. Mu kawo zancen wurin zubi mai zuwa. Allah shi sa albarka.