Farar Ƙasar Inna

Idan azumi ya kai ashirin, kakarmu Inna takan aika a sayo mata farar ƙasa. Sai ta jiƙa ta a tsohon kwano, ta ɗauki tsumma ta bi bangon ɗakinta tana shafawa, mu jikoki muna miƙa ruwa muna ɓata riguna. Daga ƙasa, wajen kamu biyu, jar ƙasa take sawa, domin nan ne yara ke jingina, nan ne ƙafa ke taɓawa. Waje kuwa aikin magina ne: makuba ta ɓawon ɗorawa mai ba bango duhun ja, da laso a kan soro don kada damina ta cinye shi. Gidanmu na cikin birnin Zariya bai san gwangwanin fenti ba sai da aka yi wa zaure filastar siminti, aka fitar da dagi, aka shafa masa shuɗi da kore.

Da Allah ya nufe ni da gina nawa, mai fenti ya nuna mini hotuna a waya. "Alhaji, yanzu ruwan toka mai duhu ake yayi, da farin layi a tagogi." Na ce a yi. Gidan ya fito, har masu wucewa na waiwaye. Sai hunturu ya sauko da ƙurarsa, bango ya koma wani launi mara suna. Bazara ta biyo baya, bangon yamma ya wuni yana shan rana, da dare in ka dafa shi kamar gindin tukunya. Launi mai duhu zafi yake haɗiya, kuma Inna, da ba ta shiga aji ba, ta san haka.

Ita kuɗin goro ke sake mata ɗaki. Ni sai an kafa katakai, an sayi bokitai, an biya leburori.

Bara na haƙura na sake. Waje ruwan ƙasa mai haske, ƙura ta zauna ba a gani. Ɗakuna ruwan madara. Yayi kuwa bango ɗaya na bar masa a falo, bayan talabijin, wanda galan guda ke isa. Yanzu kore ne, zaɓin uwargida, 'yarmu kuma har ta fara cewa ya tsufa.

A tsakar gida na ce a sa ja daga ƙasa. Mai fenti ya yi dariya: "Alhaji, ai wannan na mutanen da ne." Na ce ya auna kamu biyu.