Mu Masu Komawa Shafin Farko

Ku matso kusa, 'yan uwana, ku gyara zama, hirar yau tamu ce mu kaɗai, mu da aka sani da rungumar littafi tun muna 'yan mitsi-mitsi. Ai kun san kanku. Mu ne waɗanda in an aike mu sayen ƙosai aka ƙunso mana a 'yar takarda, sai mun karance abin da ke jikin takardar kafin mu iso gida, duk da maiƙon da ya ɓata rabin rubutun. Mu ne masu cusa littafi ƙarƙashin filo, masu karatu da 'yar tocila a cikin bargo bayan an ce kowa ya kwanta, zuciya na dukan uku-uku saboda labarin ya kai wurin da ba a ajiyewa. Kuma mu ne, ƙawayena, ake yi wa tambayar nan da ba ta tsufa: “Wai ba kin karanta wannan ba? Me kuma kike nema a ciki?” Sai dai mu yi murmushi mu juya shafi, don amsar tana da tsawo, mai tambayar kuwa a tsaye yake. Hahaha, to yau dai a zaune muke, bari mu ba juna amsar.

Ni dai in za a fara, da Magana Jari Ce za a fara, kuma na san ba wadda za ta musa mini. Tun 1937 ya fara fitowa daga alƙalamin Abubakar Imam, littafi uku reras, amma har gobe in ka buɗe shi sai ka ji kamar jiya aka rubuta. Muna ƙanana labaran kawai muke bi. Mu ƙyalƙyale da dariya a kan Kalalatu da ta lamushe kajin da aka soya don baƙo, ta kuma haɗa mijinta da baƙon tsere, mu zare ido a kan Sarkin Zairana da Sarkin Bokaye, mu daɗe muna kallon zane-zanen nan na cikin littafin kafin mu wuce. Da muka ɗan tasa muka koma, sai wayon aku ya fara burge mu: yadda Musa ɗan sarki zai yi shiri tsaf zai fita ya bi sawun ɗan'uwansa Mahmudu wurin yaƙi, aku ya ja shi da labari, daga wannan sai wancan, har gari ya waye bai je ko'ina ba. To amma ku gaya mini gaskiya, wadda ta sake karanta shi bayan ta fara riƙon yaro, nata ko na wani, ba ta ji wani abu daban ba? Nan ne za ki gane ashe tsuntsun nan a tsorace yake. Amanar ɗan sarki aka bar masa, ga waziri na ƙulla makirci a waje, shi kuwa ba shi da takobi ba shi da garkuwa, bakinsa kaɗai gare shi. Duk daren da ya buɗe baki ya fara labari, ran yaro yake karewa. Wayyo, aku bawan Allah, ashe mun daɗe muna dariya ba mu san nauyin da ke kansa ba!

Kun ga amsar tambayar ke nan. Littafin yana nan yadda yake, ko wasali ɗaya bai ƙaru ba, mu ne muke zuwa masa da sabuwar zuciya kowane karo. Karatun farko na gaggawa ne, ido na gudu yana son ya ga ƙarshe, a mutu ko a yi rai, a yi auren ko a fasa. Karatu na biyu kuwa hankali kwance ake yin sa, tunda an riga an san inda za a sauka, sai a tsaya a ji daɗin hanya, a lura da 'yar kalmar da marubuci ya ajiye a shafi na goma don ta yi aiki a shafi na ɗari. Ɗumame ne, 'yan uwa, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san tuwon da ya kwana ya sha miya ya fi na daren jiya shiga rai. Hmm, Allah dai ya bar mu da abinmu.

Sai kuma Ruwan Bagaja, shi ma na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933, tare da su Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɗan siriri ne, a zama ɗaya ake gama shi, amma sau nawa muka bi jaruminsa Alhaji Imam yawon neman ruwan nan? Kuma duk mun san abin da muke jira: mu ga inda Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai sake ɓullowa a wani gari da sabuwar shiga, su ci gaba da ramuwar gayya, yau wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama. Mun san abin da zai faru sarai, amma da mun iso wurin sai dariyar ta kuɓuce, har na kusa ya waiwayo ya ce lafiya? Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, yaron da ya tashi ba ya iya tafiya ya zama jarumin da ƙasa ke ji da shi. Ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda tun 1969 ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya. Kai, mu fa an daɗe ana yawo da mu a duniyoyin da ba a zuwa da ƙafa!

Yanzu ku ƙara matsowa, don mun zo wurin da ake rage murya. Littattafan soyayya! Kun tuna zamanin haya? A tara 'yan kuɗin tara, a je shago a karɓo na ɗaya, a yi alkawarin dawo da shi gobe, kafin goben nan ya zaga ɗaki huɗu. Bangon ya sha hannu har ya yi laushi, an naɗe shi da takardar tsohuwar kalanda, wata ta rubuta sunanta a ciki, wata ta ja layi a ƙarƙashin kalaman da suka taɓa mata zuciya, ke kuma ki zo ki tarar da layin ki ce ashe ba ni kaɗai ba ce. Wace ce a cikinmu ba ta riƙe numfashi ba lokacin da Sumayya ta nufi rijiya a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino? Wace ce ba ta ji zuciyarta ta yi zafi ba da aka kori Rabi da 'ya'yanta a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu? Muna 'yan mata haushin mijin kawai muke ji. Yanzu in mun koma, Rabi muke kallo, yadda ta ɗaure zani ta kama sana'ar abinci ta riƙe yaranta, sai mu ga fuskar wata gwaggo, wata maƙwabciya, wata da muka sani ido da ido. Ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed tun 1980, ga Allura Cikin Ruwa na Anti Bilki Funtuwa. Matan nan sun rubuta mu tun kafin mu san kanmu, Allah ya saka musu da alheri.

Kuma ba abin da ya kai jiran littafi na uku cin rai, ko ba haka ba? An kai ki ƙololuwa, jaruma na kuka, jirgi na shirin tashi, sai marubuciya ta ce mu haɗu a na gaba. A yi ta sintiri shago, mai shago ya ce bai fito ba, a dawo gida a zauna ana hasashe, kowa da irin ƙarshen da ta tsara. Wani lokacin ma hasashen namu ya fi abin da ya fito daɗi! Shi ya sa nake jin tausayin masu karanta littattafan George R. R. Martin, ɗan Amurkan nan da aka ɗauko Game of Thrones daga rubutunsa. Na biyar ya fito a 2011, suka zauna jiran na shida shekara da shekaru, har shirin talabijin ɗin ya wuce littafin ya ƙare a 2019, da ƙarshen da ya bar mutane da yawa suna ƙorafi. Mu da muka yi jiran wata uku muka ce mun wahala, ku ji masu haƙuri. Hahaha, sannunku dai 'yan uwa, mun san ciwon!

Tunda mun shigo talabijin, to a buɗe faifai. Merlin! Na ga kun yi murmushi. Shirin BBC ne da aka yi daga 2008 zuwa 2012, kashi biyar, amma yadda ya shiga gidajenmu sai ka ce don mu aka yi shi. A sayo faifan, a taru a falo bayan isha'i, yara a ƙasa manya a kujera, ana cikin kallo a ɗauke wuta daidai lokacin da dodon nan na ƙarƙashin fada zai yi magana, falo ya ɗauki salati gaba ɗaya. Abin da ya kama mu a shirin nan, in kun lura, ba tsafe-tsafen ba ne, don mun san ƙage ne, mun kuma san matsayin sihiri a addininmu. Yaron ne. Ga shi da baiwar da in ta bayyana kashe shi za a yi, ga shi yana wanke sulken yarima Arthur yana shan faɗa, alhali sau da yawa shi ne ya ceci ran yariman ba tare da kowa ya sani ba, ballantana a ce masa an gode. Wace mace ce ba ta san wannan ba, hidimar da ake yi a ɓoye, wadda sai ranar da aka rasa ta ake gane akwai ta? Ga tsoho Gaius da ya riƙe shi riƙon ɗa, ga Morgana da muka so ta da farko, muna ji muna gani ɗacin rai ya juyar da ita. Mun san Arthur zai mutu a ƙarshe, abokinsa Merlin na rungume da shi, mun sani sarai, amma duk lokacin da muka maimaita sai mun sa rai ko wannan karon za su isa da wuri tafkin da ake fatan ceto ransa. Wayyo Allah, a miƙo mini gefen mayafi.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Legend of the Seeker, da Richard da Kahlan da tsoho Zedd, wanda aka tsayar bayan kashi biyu kacal, aka bar mu da baki buɗe muna tambayar masu sayar da faifai ina na uku. Akwai Hatim na Indiya, yariman Yaman da ya fita neman amsar tambayoyi bakwai, da Alif Laila da ya zuba mana Dare Dubu da Ɗaya a allo, fitila da aljani da kilishi mai tashi. In wani ya ce wannan kallon yara ne, ku bar shi kawai. Mu da aka rena da “ga ta nan, ga ta nanku”, muka yi barci da Gizo da Ƙoƙi a kunne, muka ji tsoron Dodo muka kuma roƙi kaka ta ƙara mana wata, yaushe za mu ga baƙunci a wurin dodo mai fukafukai? Kuma ku tuna, ko a wancan lokacin tatsuniyar da muka riga muka sani muke cewa a maimaita, in kaka ta tsallake wani wuri mu yi caa mu ce ba haka ba ne. Ashe tun a tabarmar tsakar gida muka koyi halin nan, hahaha!

Akwai kuma wani sirrin da sai mu-mu. Ranar da zuciya ta yi nauyi, ranar da gida ya yi tsit ko ya cika da hayaniyar da ba ta da daɗi, ba sabon littafi hannu ke nema ba. Sabo yana iya ba ki mamaki, ke kuwa ranar nan kin gaji da mamaki. Tsohon nan ake jawowa, mai ƙanshin ajiya, wanda ya san inda zai buɗe da kansa saboda yawan buɗawa. Mutanen ciki suna nan inda kika bar su, ba su canza miki fuska ba, ba su tambaye ki ina kika shiga ba. Ki karanta shafi biyar, ki ji numfashinki ya daidaita, ki tashi ki ci gaba da hidimarki. Yanzu da yawancin karatunmu ya koma waya, muna jin daɗinsa ƙwarai, sababbin marubuta na ta fitowa kuma muna alfahari da su, amma ku faɗi gaskiya, akwai abin da ya kai nauyin littafi a kan ƙirji lokacin da barci ya sace ki? Hmm, babu.

To 'yan uwana, kafin mu tashi ga roƙona. A makon nan kowa ta buɗe akwati ko ƙasan gado ta zaƙulo tsohon masoyinta, ta kaɗe ƙurar ta koma shafin farko, ba tare da jin kunyar kowa ba. In akwai yara a gidan, a tara su bayan magariba a karanta musu labari ɗaya daga bakin aku, da murya da kwaikwayo, a tsaya daidai wurin da ya fi daɗi a ce sai gobe, ku ga yadda za su bi ku har kicin. In za ku karanta sabon littafi, ku saya, ku biya marubutanmu haƙƙinsu, don da guminsu suka rubuta. Wadda kuma ta san akwai littafin aro a hannunta tun shekarun baya, don Allah ta mayar wa mai shi, ita ma tana son ta maimaita. In mun sake haɗuwa, kowa ta zo da sunan littafin da ta koma wa, da abin da ta gani a ciki wanda ba ta gani ba a da.