Daga Kusada Zuwa Gobarau: Ranar Da Ɗalibai Suka San Tsoron Ƙuntataccen Wuri

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kusada ko Kankiya ya saba da sarari. Idan aka gama girbi aka kwashe gero da dawa, mutum kan tsaya a bakin gona ya hango garin gaba, babu abin da ke tare masa ido sai kuka da gawo da ɗorawa jefi-jefi. Makarantunmu ma haka suke, fili ya fi gini yawa. Shi ya sa yaro kan kai aji uku na ƙaramar sakandare bai san yana tsoron ƙuntataccen wuri ba, sai ranar da aka kai shi birni aka rufe masa ƙofar wani abin wasa.

Wannan shi ne babban darasin da muka samo a tafiyar buɗe ido da muka raka ɗalibai zuwa Katsina a ƙarshen zangon karatu. Mun bar Kusada da sanyin safiya, muka hau babban titin Kano zuwa Katsina, muka tsaya a Kankiya aka sayi ƙosai da burodi. Daga nan zuwa Katsina kimanin kilomita 60 ne. Muka wuce Charanci, garin da ya yi suna da kasuwar dabbobi, sai Lambar Rimi, sai Abukur, muka shiga birni ta Ƙofar Ƙaura. Tun a mota wata ɗaliba 'yar aji biyu ta ƙi zama a kujerar baya, ta dage sai kusa da taga. Ƙawayenta sun ɗauka son kallon hanya ne.

Matakalar Gobarau

Mun fara da tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan adana kayan tarihi ce. Daga nan sai Hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne mai tsawon kimanin mita 15, kuma masana tarihi na danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Asalinsa ɓangare ne na babban masallacin gari, ya zama wurin karatu, an kuma riƙa hawa kansa don hango mahara tun suna nesa.

Matakalar hasumiyar ƙunƙuntacciya ce, sai dai a hau ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo inda bango ya matso ta dama da hagu, haske ya ragu, ɗalibar nan ta tsaya cak. Gumi ya karyo mata, hannunta na rawa. Ta ce, “Malama, don Allah in sauka, numfashina zai ɗauke.” Na bayanta suka fara dariya, wani ya ce ragwanta ce, wata ta yi raɗa cewa ko iska ce ta taɓa ta.

Malamar kimiyya ta sauko da ita, ta tara kowa a inuwa. Abin da ta gaya musu shi ne nake so ku ma ku riƙe.

Me ke faruwa a jiki?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da aikinsa gadi ne. Da ya hango haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadarin da ke ƙara bugun zuciya da saurin numfashi, don mutum ya gudu ko ya kare kansa. Wannan baiwa ce daga Allah, ita ke sa ka yi tsalle idan ka ga maciji a kunya. Amma a wurin wasu mutane mai gadin nan ya cika zargi, yakan yi ihu ko da ɓarawo bai zo ba. Masana halayyar ɗan Adam sun ce tsoron ƙuntataccen wuri reshe biyu ne: tsoron iska za ta ƙare, da tsoron an tsare mutum ba hanyar fita.

Ga abin mamaki. Mai jin iska ta ƙare masa yakan yi ta zuƙar numfashi da sauri, alhali iskar ta wadata. Saurin ne ke fitar da iskar kabon daga jini fiye da ƙima, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su yi kamar ana tsira musu allura, ƙirji ya ɗaure. Mutum ya ga haka sai ya ƙara firgita, ya ƙara haki. Firgici irin wannan kan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sa'an nan ya fara sauka da kansa. Yana da wahala ƙwarai, amma shi kansa ba ya kisa.

Nan wani yaro daga wani ƙauyen Kusada ya ɗaga hannu. Ya ce a gidansu shi ake zurawa cikin rumbun ƙasa ta ƙaramar ƙofar nan ta sama, ya riƙa miƙo damin gero. Ya ce ranar farko kuka ya yi. Kakansa bai tilasta shi ba, sai ya ce, “Leƙa kawai, ɗan nan.” Washegari ya zura ƙafa, kaka na riƙe da hannunsa. Bayan 'yan kwanaki ya shiga gaba ɗaya, kaka na tsaye a bakin rumbu yana ja masa hira. Malama ta ce to, abin da likitoci ke yi ke nan a asibiti: a kusanci abin tsoro kaɗan-kaɗan, a tsaya a kowane mataki har zuciya ta lafa, sannan a ƙara gaba. Wanda ya gudu yakan ji sauƙi nan take, amma tsoron ƙaruwa yake yi. Wanda aka tura da ƙarfi kuma yakan fi wanda ya gudu shan wahala.

Ɗalibar ta koma tare da Malama, su biyu kawai. Ta hau 'yan matakai ta tsaya, ta sauko, ta sake hawa. A karo na uku ta wuce wurin da ya tsayar da ita. Da ta fito sama ta ga rufin gidajen birni da bishiyoyi shimfiɗe har iyakar gani, ta daɗe ba ta ce komai ba.

Akwatin da ake rufewa

Bayan Azahar muka je wani wurin wasan yara. Akwai lilo iri-iri, amma abin da ya fi jan ɗalibai shi ne wani akwatin ƙarfe mai kama da ƙaramar mota. Ana shiga a zauna, a sauke ƙarfe a kan cinya, a rufe ƙofa, a kashe fitila, majigi ya kama, kujeru su yi ta girgiza kamar ana gudu a jirgi. Rassan tsoron nan biyu sun haɗu ke nan a wuri ɗaya: ga duhu da rufi, ga ƙarfe ya danne mutum.

Kafin a sayi tikiti Malama ta sa ɗalibar ta je da kanta ta tambayi mai kula da na'urar abu uku: minti nawa ake yi a ciki, ta ina iska ke shiga, kuma yaya ake tsayar da shi idan wani ya ce a tsaya. Ya ce minti uku ne, ya nuna mata ramukan iska, ya ce idan aka buga ƙofa yana ji. Ta tsaya a waje ta kalli rukuni biyu sun shiga sun fito suna dariya. Sannan ta zaɓi kujerar bakin ƙofa, ƙawarta a gefenta.

Dabarun da ta shiga da su ba su da wuya. Ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta sake shi a hankali ta baki tana ƙirga shida, domin tsawaita fitar numfashi na rage bugun zuciya. Ta kafe ƙafafunta a ƙasa, ta sassauta kafaɗu. Ta tsayar da ido a kan majigin, ta bar kallon rufi da ƙofa. Ta riƙa maimaita addu'ar da ta saba da ita, tana gaya wa kanta cewa minti uku bai kai tsawon layin karɓar tuwo a makaranta ba.

Ta fito hijabinta ya jiƙe da gumi. Ta ce tsoron ya zo, ya kai mata har wuya a minti na farko, daga nan ya fara ja da baya. Wani ɗalibin kuma ya kai bakin ƙofa ya ce shi yau ba zai iya ba. Babu wanda ya yi masa dariya a wannan karon, aka bar shi ya hau lilon da ke buɗe.

Inda tsoro ke da gaskiya

Kada wani ya karanta wannan ya ce zai gwada jarumtaka a ko'ina. Tsoro na daji, kunya na gida, in ji Hausawa, kuma akwai wuraren da tsoronsu wajibi ne. Tsohuwar rijiya da ramin masai kan tara gurɓatacciyar iska a ƙasa, mutum ya shiga ya suma, wanda ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Motar da aka ajiye a rana a rufe na iya hallaka yaron da ya shiga wasan ɓuya. Haka ɗakin da aka kunna janareto a ciki, da rumbun da aka zuba wa maganin ƙwari ba a buɗe ya sha iska ba. A irin waɗannan wurare iskar ce da gaske ke ƙarewa ko ta zama guba, a cikin motar kuma tsananin zafi ne ke kisa, babu dabarar numfashin da za ta yi amfani. Mai ciwon asma ko ciwon zuciya ko farfaɗiya kuma ya gaya wa malami tun kafin a hau kowane abin wasa.

Idan tsoron ya kai ga hana ka shiga mota, ko zama a aji in an rufe ƙofa, gaya wa iyayenka su kai ka babban asibitin Kankiya ko wanda ya fi kusa da ku, domin abu ne da ake magancewa. Gobe kana iya buƙatar hawa lif, ko shiga jirgi zuwa aikin Hajji, ko kwanciya cikin na'urar ɗaukar hoton jiki a asibiti. Gara a fara tun yanzu, daga matakin da ya fi sauƙi, tare da wanda ka amince da shi. Sannu ba ta hana zuwa.