Tsoro na daji, kunya ta gida

Yaranmu da dama suna tafiya karatu Faransa, shi ya sa na ga ya dace in ba da labarin abin da ya same ni a can, ko wani ya amfana.

Lokacin da nake ɗalibi a birnin Girenobul, abokaina suka ja ni hawan tsaunukan Alps cikin hunturu, nesa da wuraren da aka gyara wa masu yawon buɗe ido. Mu biyar ne, da wani dattijo da muka biya ya yi mana jagora. Ya ba kowa shebur, da doguwar sanda mai naɗewa, da 'yar na'urar da ake ratayawa a ƙirji, wadda ke nuna inda mutum yake idan dusar ƙanƙara ta binne shi. A raina na ce kayan nauyi ne kawai.

Tun da asuba dattijon ya duba sanarwar hukumar yanayi. A Turai ana auna haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara daga mataki na 1 zuwa na 5, ranar kuwa yana kan na 3. Na ce ai da sauƙi. Ya girgiza kai, ya ce a wannan matakin ne aka fi mutuwa, domin mutane ba sa jin tsoron fita.

Bayan tafiyar awa uku muka iso wani gangare. Rana ta fito, ko'ina fari fat. Sai muka ji ƙasa ta yi “wuf” a ƙarƙashin ƙafafunmu, dusar ta tsage kamar bango. Dattijon ya ce, “Mu koma.” Na yi gardama, na ce ga sawun wasu, ga kuɗinmu mun biya. Ya ce mini, “Ɗana, dutsen bai san ka biya ba.” Ya bayyana cewa iska ta tara sabuwar dusa a kan tsohuwa mai rauni, kuma gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45 shi ne ya fi zaftarewa. Galibin waɗanda abin ke ritsawa da su, nauyinsu ko na abokan tafiyarsu ne ke tayar da shi.

Da muka sauko ina ta cika ina batsewa, sai ya binne jaka da na'ura a ciki, ya ce mu nemo ta. Muka ɗauki minti 25. Ya dube ni ya ce, “Da abokinka ne, da wuya ka same shi da rai.” Wanda aka tono cikin minti 15 yakan rayu, bayan haka numfashi ke ƙarewa. Nan jikina ya yi sanyi. Na tuna yadda ramin yashi ke rufta wa masu haƙa a gida. Ko a shekarar 1999, zaftarewa ta kashe mutum 12 cikin gidajensu kusa da garin Shamoni, balle wanda ya kai kansa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka shiga irin wannan wuri, ka duba sanarwa, ka koyi aiki da kayanka tun kafin ka fita, kada ka tafi kai kaɗai, kuma ku tsallaka gangare ɗaya bayan ɗaya. In wanda ya san wurin ya ce a koma, ka koma. Kunyar juyawa ce ta so ta kai ni, alhali tsoro na daji ne, kunya ta gida.

Allah ya kiyaye mu, amin.