Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Kwana Biyar Ɗin Da Na Yi A Fas

"Balak! Balak!"

Kafin in gane da ni ake, wani dattijo mai jallabiya ya riga ya fizgo hannuna ya manna ni da bango. Sai ga alfadari ya kutso, an lafta masa fatu har sun fi shi faɗi, mai shi na biye yana ta kwaɗa kira a ba shi hanya. Lungun kuwa, in na ware hannuwana sai in taɓa bangon nan da wancan. Alfadari ya wuce, warin fata ya bi bayansa, nan take ƙamshin gurasa ya rufe wurin, wani yaro ya gifta da katako a ka, an jera ƙullu an lulluɓe da ƙyalle, zai kai gidan gashi. Na tsaya zuciyata tana ta bugawa don murna. Awa ɗaya ke nan da shigata tsohon birnin Fas na ƙasar Maroko, rana ta farko a rayuwata da na taka wata ƙasa, kuma saura ƙiris da ban ga wannan lungu ba sam!

Ga yadda aka yi. Hutun kwana biyar na samu a wurin aiki, ga kuɗin adashin shekara biyu, ga fasfo sabo fil. Na zauna da waya dare da rana ina kallon hotuna, komai na gani sai raina ya biya. Marakesh da dandalinta mai cika maƙil da dare, ina so. Shafshawan, garin nan da aka shafe gidajensa da shuɗi, ina so. Tuddan rairayin Marzuga da raƙuma, ina so. Masallacin Hassan na Biyu a Kasablanka, mai hasumiya mita 210 a bakin teku, shi ma ina so. Na ɗauko takarda, na haɗa da Fas, na raba: kowace rana da garinta. Na kai wa kawuna, wanda ya tsufa a kan tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Agadas, ina jiran ya sa albarka.

Bai kalli hoto ko ɗaya ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Daga nan zuwa nan awa nawa?" Muka shiga lissafi. Kasablanka zuwa Fas a jirgin ƙasa, kusan awa huɗu. Fas zuwa Shafshawan a bas, awa huɗu zuwa, huɗu dawowa. Fas zuwa Marzuga, ta kan duwatsun Atlas, awa bakwai zuwa takwas. Daga can zuwa Marakesh, tara ko fiye. Marakesh zuwa Kasablanka, kusan uku. Muka tara, suka haura awa talatin. Ya ajiye takardar ya dube ni.

"Ɗana, wannan aikina ne ka rubuta, ba ziyara ba. Ni na shekara talatin ina wuce garuruwa, da yawansu tasha kawai na sani. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar."

Na ce, "To Kawu, wacce zan ɗauka?"

Ya ce, "In rairayi kake so, ga Yusufari, ga Agadas, ba sai ka hau jirgi ba. A cikin garuruwan nan, wanne ka san sunansa tun kafin ka riƙe waya?"

Ban ko yi tunani ba. Fas! Sunan da na tashi ina ji a bakin kakana duk lokacin da aka ambaci Shehu Ahmadu Tijjani. Da na koma kan taswira sai na ga wata baiwa: Miknas tana nan kusa, kimanin kilomita 60, kangon birnin Rumawa na Walili kuma kimanin kilomita 30 ne daga Miknas. Yanki guda, masauki guda, ba ɗaura kaya da kwancewa kullum. A daren na yaga takardar farko.

Ranar Laraba da safe na sauka a Kasablanka. A ƙarƙashin filin jirgin saman akwai tashar jirgin ƙasa, na shiga, na canja wani a cikin gari, muka nausa gabas. Watan Maris ne, ƙasa ta yi shar, gonakin alkama da zaitun iyakar ganin ido. Da la'asar na tsaya gaban ƙofar Bab Bujulud, wadda aka gina a 1913, shuɗiya daga waje, koriya daga ciki. Daga nan mota ba ta shiga. Ƙafa ce, sai jaki da alfadari da amalanke. Hanyar da ake kira Tala'a Kabira ta ɗauke ni ta yi gangare da ni cikin birnin da Idrisu na Farko ya aza harsashinsa a 789, mai lunguna dubbai, kuma a nan ne alfadarin nan ya yi mini barka da zuwa.

Washegari da sanyin safiya na zauna a kan benci gaban wani ɗan shago da bai fi ɗakin ajiya ba. Mai shagon ya zubo mini bisara, wato faten wake mai kauri, ya kwarara man zaitun a kai, ya barbaɗa yaji, ya miƙo gurasa da shayin na'a-na'a. Na ce ya ƙara mini barkono. Ya yi dariya ya ƙara. Ku riƙe wannan mutumin, zan dawo kansa.

Daga nan sai makarantar Bu'inaniyya, wadda Sarki Abu Inan ya gina a tsakiyar ƙarni na 14. Jama'a, ban taɓa sanin hannun ɗan Adam yana iya wannan aiki ba! Daga ƙasa, ƙananan fale-falen tangaran masu launi, kowanne an sare shi da hannu an jera kamar zanen hula. A sama da su, farar ƙasa an sassaƙe ta kamar aikin allura a wuyan babbar riga. A can sama kuma katakon al'ul, ya yi duhu don tsufa. Na ɗaga kai ina bin ɗakunan ɗalibai da ido, ƙanana ƙwarai, kowanne da 'yar tagarsa mai kallon tsakar gida. A nan wani abu ya faɗo mini. Ajurumiya, littafin nahawun da malaminmu na zaure ya biya mana kalma bayan kalma, ai Ibnu Ajurum ne ya wallafa shi, mutumin wannan gari, a nan ya rasu a 1323. Ibnu Ashir, wanda ake haddace baitocinsa na fiƙihu a makarantunmu, shi ma ɗan Fas ne. Ashe tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake cin abincin garin nan ban sani ba! Tsigar jikina ta tashi.

Na bi ƙarar guduma har dandalin Saffarin, inda maƙera ke buga tukwanen tagulla, wasu har mutum zai iya zama a ciki. Daga can hancina ya ja ni zuwa majemar Shuwara. A bakin wani shagon fata aka miƙo mini reshen na'a-na'a in riƙa shinshinawa, aka hau da ni bene hawa uku. Na leƙa ƙasa, sai na ji bakina ya ce "Ƙofar Mata!" Rijiyoyi ne zagayayyu birjik, jere da juna kamar marinarmu ta Kano, sai dai nan fata ake tsomawa ba yadi ba. Na gefe guda farare ne, ruwan farar ƙasa da kashin tattabaru, masu zubar da gashi su tausasa fata. Na ɗaya gefen ja da ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa. Maza sun shiga har cinya suna tattakawa, wani na can kan rufi yana shanya fatu rawaya a kan ciyawa. Na tuna majemanmu da bagaruwarsu, na tuna karan dafin da dukawa ke rina ja da shi. Na kuma tuna abin da aka koya mana a darasin tarihi: fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ayari ke ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, in ta isa Turai sai a kira ta fatar Maroko. Mai shagon ya tambaye ni daga ina, na ce Kano. Ya shafa wata jaka ya ɗaga mini babban yatsa. Ko Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Fas ya girma, kuma a littafin da ya kammala a 1526 ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Hanyar nan tsohuwa ce, ni ne baƙo a kanta.

Sai Juma'a. Da na bi takardar farko, da a ranar ina cikin mota tsakanin duwatsu. Ga ni kuwa a sahu cikin masallacin Alƙarawiyyin, wanda tarihi ya ce wata baiwar Allah, Faɗimatul Fihriyya, ta gina da dukiyar gadonta a 859, ya zama cibiyar karatu har yau. Ginshiƙai farare jere bayan jere, ba ka ganin ƙarshensu. Na ɗauko Alƙur'ani daga kanta na buɗe, sai na yi tsit. Fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, sak rubutun allona! Liman ya tayar da salla da ƙira'ar Warshu, irin wadda kunnena ya saba da ita a tsangaya. Na yi tafiyar dubban kilomitoci, ga shi ko harafi ɗaya bai baƙunce ni ba.

Bayan la'asar na nufi zawiyyar Shehu Tijjani, 'yar tafiya kaɗan daga masallacin. An haife shi a Ainu Madi ta Aljeriya a 1737, ya zauna a Fas daga 1798, a nan ya rasu a 1815, a nan kabarinsa yake. Tun daga lungu na fara jin harsuna: Wolof na mutanen Senegal, Larabci, Faransanci, Fulatanci. Kwatsam, daga bayana: "Malam, ɗan matsa mana kaɗan." Hausa! Na juya, wani dattijo ne daga Damagaram da ɗansa. Muka riƙe hannun juna kamar mun shekara da sabo. "Baba, yaushe a gari?" "Yau kwanana tara, ɗana, kuma ban ƙoshi ba." Aka zauna zikirin Juma'a, murya ɗaya daga bakuna ɗaruruwa, tana hawa tana sauka har rana ta faɗi. Na tuna kakana, wanda ya rasu da burin ganin wannan wuri, na yi masa addu'a hawaye na zuba. Bayan magariba, a wani ƙaramin masallaci kusa da masaukina, na tarar da mutane sun yi da'ira suna karanta hizifin ranar baki ɗaya. Na zauna a gefe na bi su.

Asabar ce kaɗai na fita gari, kuma tafiyar ba ta ci mini rana ba. Minti arba'in da ɗoriya a jirgin ƙasa, ga Miknas, birnin Maulaya Isma'il wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, da ganuwarta da ƙatuwar ƙofar Bab Mansur. Na shiga tasin haɗaka zuwa Walili. Ikon Allah! Birnin Rumawa ne a tsakiyar gonakin Afirka, ginshiƙan dutse a tsaye, wasu manyan tsuntsaye farare dangin shamuwa sun yi sheƙa a kansu. Ƙofar nasara da aka gina wa Sarki Karakalla a shekara ta 217 tana nan. Daɓen gidajen attajirai, da aka yi da ƙananan duwatsu masu launi, hotunan kifi da giwaye, yana nan a fili rana na dukansa. Har duwatsun matsar man zaitun ban rasa ba, ga kuma itatuwan zaitun kewaye da wurin, sana'ar ba ta mutu ba. Daga nan ana hango farin garin Maulaya Idris a kan tudu, inda aka binne Idrisu na Farko. Na hau, na yi azahar, kafin isha ina Fas.

Ranar Lahadi da asuba na koma bencin nan. Mai bisara ya hango ni daga nesa. Kafin in zauna ya riga ya zuba, ya ƙara barkono ba tare da na tambaya ba, ya ce da Larabcinsu, "Barka da asuba, ɗan Kano." Wannan kwano shi ne ribar tafiyata. Mutumin da ke kwana ɗaya ya wuce ba ya samun wanda zai san yawan barkononsa. A kwana na biyar na riga na san lungun da ke yanke hanya zuwa dandalin Rasif, na san lokacin da gurasa ke fitowa, ina jin "Balak!" jikina ke matsawa da kansa.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in Allah ya ba ka 'yan kwanaki da ɗan guzuri karo na farko, ga abin da na gani da idona. Kafin ka ƙirga garuruwa, ƙirga awoyin da ke tsakaninsu. Abin da kake da irinsa a gida, bar shi sai wani jiƙon. Sannan ka tambayi kanka tambayar kawuna: wane wuri ne sunansa ya riga hotonsa shiga zuciyarka? Naka ba lallai ya zama Fas ba. Wani Alƙahira ce, saboda Azhar. Wani Istanbul. Wata kuma Agadas ce ko Kumasi, inda kakanninta suka yi fatauci. Ka je can, ka ajiye jaka a ɗaki ɗaya, ka bar ƙafa ta yi sauran.

Da hantsi, kafin in kama jirgi, na hau tudun kaburburan sarakunan Banu Marin da ke arewacin gari. Fas gaba ɗaya tana kwance a cikin kwari, rufin Alƙarawiyyin kore shar a tsakiya, fatu a shanye a gangaren tudun ƙarƙashin ƙafata. Na iya nuna zawiyya da yatsa, na iya nuna majema, har unguwar mai bisara na gane. Na kira Kano.

"Kawu, ban ga Marakesh ba, ban ga rairayi ba."

"To me ka gani, ɗana?"

Na fara ba shi labari tun daga alfadari. Kuɗin wayar suka ƙare ban kai Juma'a ba.