Ƙodar Ɗan Tayi a Hoton Ciki

Aliero ta yi suna da albasa da kuma masu ɗorin ƙashi, waɗanda hannunsu ke gane karaya da taɓawa kawai. Amma akwai gaɓoɓin da hannu ba ya kai musu, cikinsu har da ƙodar ɗan da bai fito duniya ba. Ita sai na'urar hoton ciki, wadda Ian Donald na Gilasgo ya gabatar da amfaninta a 1958.

Ƙodar tayi takan fara yin fitsari wajen mako na 10. Tace jini aikin mabiyiya ne a wannan lokaci, saboda haka fitsarin wata hidima yake yi: daga mako na 16 shi ne mafi yawan ruwan da ɗan ke kwance a ciki. Da wannan ruwa huhunsa ke buɗewa ya girma. Idan ƙodoji biyu suka gaza, ruwan ya ƙafe, huhu ya tsumbure, kamar yadda Edith Potter ta bayyana a 1946.

A allon na'ura, ƙodojin suna bayyana a gefe biyu na ƙashin baya, kowace kamar ƙwayar wake. Tsawonta a milimita yakan yi kusa da yawan makonnin cikin: mai mako 20, ƙodarsa kusan milimita 20. A tsakiyarta akwai ɗan baƙin gurbi inda fitsari ke taruwa kafin ya gangara mafitsara. Idan faɗinsa ya kai milimita 4 kafin mako na 28, ko 7 bayansa, sai a rubuta cewa ya buɗe.

Wannan rubutu ne kan hana iyali barci. Matar da ta je Jega ko Birnin Kebbi don jin namiji ne ko mace, sai ta dawo da takarda mai kalmar da ba ta iya furtawa, uwar miji na cewa a bar wa Allah, miji na lissafin kuɗin mota. Alhali yawancin ƙaramin buɗewa yakan warware da kansa. Abin da ke ɗaga hankalin likita dabam ne: buɗewa a ƙodoji biyu, mafitsarar da ta cika ba ta sauka, musamman ga ɗa namiji, ko ruwan da ya ragu. Haka nan ƙodoji manya masu haske fat, alamar da kan nuna wata cuta ta gado. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da irinta, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwarsu.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi hoto sau ɗaya kafin mako na 24. Wadda ta jinkirta awo don kunya ko ɓoyon ciki ta rasa lokacin da aka fi ganin gaɓoɓi.

Sauran aikin yana bayan haihuwa. Jaririn da aka ga buɗewa a ƙodarsa yana bukatar sabon hoto, galibi bayan kwana biyu, domin kafin nan fitsarinsa kaɗan ne, hoton yana iya ruɗi. Hidimar suna da wankan jego kan sa a manta da takardar a ƙasan akwati, ga shi toshewar da aka gano da wuri ana iya gyara ta kafin ta ci ƙoda.