Gaisuwar Da Ake Sassaƙawa

Alhaji, ajiye wayar nan tukuna, karɓi wannan ka juya shi a hannunka. Ka gan shi kamar ɗan faifai, bai wuce tafin hannu ba. To shi ke nan injin masu buga hoto da katako a Japan, baren suke ce masa. Babu ƙarfe, babu lantarki. A cikinsa igiya ce da aka tufka da zaren ɓawon gora aka naɗe ta zagaye, a bayanta ɗan faranti na takardu masu yawa da aka manne ɗaya kan ɗaya, sannan aka lulluɓe duka da ɓawon gora guda, aka murɗe bakinsa biyu suka zama mariƙi. Wannan nawa na 'yan koyo ne. Na ainihin, wanda ake tufka igiyarsa da silli 8 ko 12 ko 16, watanni ake yi ana haɗa shi, kuma da wuya ka ga mai shi ya ba da aronsa.

Abin da ya sa na ɗauko shi yau, ƙarshen shekara shi ne kakar mutanen nan. A Japan gaisuwar sabuwar shekara a kati ake aika ta. Tun daga 15 ga Disamba gidan waya ke karɓar katunan, ya tara su ya ƙi rabawa, sai ranar 1 ga Janairu da safe a kai wa kowa nasa a ɗaure. Tun 1949 katin da gidan waya ke sayarwa yana ɗauke da lambar ƙuri'a, mai sa'a ya ci kyauta. A 2003 an buga fiye da biliyan 4, daga nan abin ya yi ta raguwa, saboda irin wayar da na ce ka ajiye. Amma masu sassaƙa katako ba su daina ba. Kowace shekara tana da dabbarta cikin dabbobi 12, doki ne, zakara ne, damisa ce, sai mutum ya sassaƙa ta shekarar, ya buga da hannunsa, ya aika wa abokan sana'a. Wanda ya karɓa kuwa, kafin ya karanta gaisuwar ya riga ya kai katin bakin taga yana dubawa: launi nawa, wace takarda, ina hannu ya goce. Wanda aka yi wa rasuwa a shekarar ba ya aikawa. Tun Nuwamba yake tura ɗan kati na sanar da cewa suna cikin makoki, sai a ɗauke masa gaisuwar.

Malam, na ga kana murmushi, kana ganin wasan masu kuɗi ne. Gaskiyarka, daga wasan masu kuɗi ya fara, amma bari ka ji inda wasan ya kai.

A da can Japan da wata take lissafi, wani watan kwana 30, wani 29, abin da mu ba sai an yi mana bayaninsa ba. Bambancin shi ne su ba duban wata suke yi ba, hukuma ce ke tsara jerin dogaye da gajeru, kuma jerin yana canzawa kowace shekara. Dole mutum ya sani, domin ƙarshen wata ake biyan bashi. Sayar da kalanda kuwa sai wanda aka ba izini. Sai masu hali a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, suka riƙa sa a buga musu tasu ta kyauta, a ɓoye lambobin watannin cikin hoto, a jikin adon riga ko cikin ganyen itace, abokai su taru a sabuwar shekara su yi musaya, kowa yana neman ya ƙure ɗan'uwansa. A 1765 abin ya zama yayi. Tunda ba sayarwa za a yi ba, ba wanda ya tsaya lissafin riba: a kawo takarda mai kauri, a ƙara katako, a ƙara launi. Kafin nan hoton kasuwa launi biyu ne ko uku, galibi ja da kore, ko kuma a buga baƙi a bi shi da burushi. Mai zanen da ya fi samun wannan aiki shi ne Suzuki Harunobu. Da 'yan kasuwa suka ga abin ya yi kyau, sai suka karɓi katakon, suka kankare lambobin watanni, suka buga suka kai kasuwa. Hoto mai cikakken launi da duniya ta san Japan da shi, har hoton babbar igiyar ruwan nan na mai zane Hokusai na wajen 1831, daga gaisuwar abokai ya fito. Ni a ganina wannan ba a faɗinsa yadda ya kamata. Ana ta yabon masu zane, a manta da majalisar da ta sa su gaba.

Bayan haka ƙungiyoyin masu waƙoƙin raha suka ɗauka. Su kan haɗa kuɗi a buga musu waƙoƙinsu da hoto a takarda guda, da garin tagulla mai sheƙi, wani wurin ma ba launi ko kaɗan, takardar kawai ake dannawa ta kumbura ta fito da ƙirar gashin tsuntsu. Hokusai ya yi musu jeri guda a kan doki a 1822, domin shekarar doki ce.

To, yanzu ku matso, ga abin da ba ya shiga littafi sosai, sai dai wani ya gaya wa wani.

Na farko takarda, kuma a nan ake faɗuwa. Ba a bugawa a busasshiya. Tun da daddare za ka shafa wa wasu tsofaffin jaridu ruwa, ka jera takardun bugu a tsakaninsu, ka sa a leda ka ɗora abu mai nauyi. Da safe in ka ɗauki ɗaya ka kai kumatunka, sanyi za ka ji, ba jiƙa ba. In ta yi sheƙi, ruwa ya yi yawa, launi zai malale. In tana ƙara idan ka kaɗa ta, ba ta sha ba. Kuma danshin nan dole ya tsaya yadda yake tun daga launin farko har na ƙarshe, domin takarda tana buɗewa da ruwa, tana tsukewa in ta bushe, ko da kaurin gashi ne sai ja ya fita daga layinsa. Su a can damuwarsu funfuna ce lokacin zafi, shi ya sa za ka ji wani ya ba wani shawara ya sa ledar a firij in aiki zai kwana biyu. Ni a nan hunturu ne abokin faɗana. Kafin in goga launi a katako in juyo, gefen takarda ya fara naɗewa. Sai dai in rufe taga, in yayyafa ruwa a ƙasa, in yi aikin da asuba.

Takardar tasu daga ɓawon wani itace ake yin ta, kozo, mai dogon zare, shi ya sa take jure guga sau goma ko ashirin ba ta yage ba. Ta Echizen a yankin Fukui ita ce ta yi suna. Ana shafa mata ruwan gam na fata da ɗan alif kafin a fara, don kada ta shanye launi ta kuma manne wa katako.

Sai maganar yadda launuka ke faɗawa daidai wurinsu, alhali kowane launi da katakonsa. Mutumina, sa yatsanka nan ƙasa, gefen dama. Ka ji ɗan lungun da aka yanka? Ga kuma ɗan layi miƙaƙƙe can gefe. Su ke nan, kento. Zurfinsu kaɗan ne, daidai yadda zai tare takarda. Ka riƙe takardar tsakanin yatsu biyu na kowane hannu, ka sa kusurwarta a lungun da babban yatsa, ka jingina gefenta da layin, ka sake ta ta kwanta da kanta. Kada ka gyara ta bayan ta kwanta. In ta karkace, ta riga ta karkace, ɗauki wata.

Launin na ruwa ne. Ka ɗiga shi a katako mai danshi, ka ɗiga ɗan kunun shinkafa mai kauri a gefensa, ka gauraye su da burushin gashin doki a kan katakon. Tsofaffin gwanaye a fatar kifin shak suke goga bakin burushin har gashin ya tsattsage ya yi laushi. Kunun nan shi ne sirrin: in ya yi daidai launi ya kwanta sumul, in ya gaza sai ya fito ɗigo-ɗigo, abin da suke kira bugun riɗi, kuma wasu da gangan suke nemansa. Baren ɗin kuma ana ɗan shafa masa mai don ya zame a bayan takarda. Man kameliya suke amfani da shi, amma za ka ga tsohon mabugi ya goga shi a kumatu ko a gashin kansa ya ci gaba da aiki. Ƙarfin daga kafaɗa yake zuwa, ba daga wuyan hannu ba, in ba haka ba kafin ka buga ashirin ka gaji.

Wuƙa ba ta da dogon bayani. A dunƙule ake riƙe ta, a karkata bakinta waje, don layin da ya rage ya zama gindinsa ya fi kansa faɗi, kada ya ɓalle. Gwanaye icen ceri suke so saboda taurinsa, mu 'yan koyo falankin shina mai laushi ya ishe mu. Zanen a kife ake manna shi a katako, a murje bayan takardar da yatsa har layi ya bayyana. Wanda ya rubuta gaisuwa kai tsaye a katako ya sassaƙa, a juye za ta fito masa, sai an karanta da madubi.

Abin da suke yi da ya fi burge ni shi ne musaya. In su ashirin ne, kowa ya buga ashirin na hoto guda, a tattara wurin mutum ɗaya, ya rarraba, kowa ya tashi da hotuna ashirin daban-daban. A bayan katin ake rubuta wane katako, wace takarda, bugu nawa, har da inda abin ya ba da wuya. Mu shida ne a nan, shida-shida ba ta fi ƙarfinmu ba kafin Sallah. Malam, na san ba ka son hoton mai rai, to dagi ma ya isa, ko zanen hula, launi biyu. Alhaji kai ne da takarda, tunda kai ke zuwa Legas. Wuƙa biyu gare ni, za a yi karɓa-karɓa, amma wanda ya dakusar da ita shi zai wasa.